Gadon da Malam Ba Ya Rabawa

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kwastam ta Maiduguri da hantsi ya san muryar nan. Kafin ka gama kutsawa tsakanin Keke Napep ɗin da suka cunkushe a baki, ka faɗa layin 'yan kayan miya, za ka ji ta tana tashi daga lasifikar da aka ɗaure a kan baro: basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa kasala, ɗan kanoma, dattin ciki. Muryar ba ta gajiya, domin naɗaɗɗiya ce. Magidanci zai tsaya, ya waiga hagu da dama kada wani sananne ya gan shi, ya miƙa 'yan canjinsa, ya cusa ƙullin garin magani a aljihun gaba, ya yi gaba kamar ba shi ba.

A wannan kasuwa na san wani mai awo, wanda na yi shekaru ina sayen gero da wake a rumfarsa. Ashe ya kusa shekara biyu yana ganin jini a bayan gida, yana ta ɗirkar jiƙo. Mu dai abin da muka gani shi ne rama, har agogo ya fara yawo a hannunsa. Da abin ya ci tura aka kai shi wani asibiti a wata jiha, aka ce daji ne a ƙarshen babban hanji, kuma ya riga ya haura hanta. Yana da shekara 45 lokacin. Bai cika shekara guda ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Na halarci rabon gadonsa, don ina cikin waɗanda yake bi 'yan kuɗi. Malam ya zo da takarda da biro, ya zauna a kan darduma, ya ce a lissafo masa magada. Mahaifiya tana raye, sudusi nata. Mata biyu, su raba sumuni. Abin da ya saura na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Shaƙiƙansa kuwa, maza da mata, suna zaune a wurin amma ba su da ko sisi, tunda mamacin ya bar ɗa namiji. Ba a yi awa biyu ba aka gama, babu wanda aka manta, har jaririyar da ke goye. A nan ne abin ya tsaya mini a rai. Mu mutane ne da muka ƙware wajen ƙididdige wanda ya gaji rumfa da buhuna. Amma akwai wani gadon a wannan zaure da babu wanda ya rubuta masu rabo a cikinsa, kuma ƙa'idarsa ta saba da ta malam. Matan nan biyu ba su ciki. 'Ya mace da ɗa namiji rabonsu ɗaya. Shaƙiƙan da aka katange kuwa, su ne a sahun gaba.

Hausawa suka ce ɗan'uwa rabin jiki. Likitoci za su ce maganar nan daidai take har a lissafi. Shaƙiƙinka, uwa ɗaya uba ɗaya, kun yi tarayya a wajen rabin ƙwayoyin halittar da kuka gada. Haka tsakaninka da mahaifi da mahaifiya, haka tsakaninka da abin da ka haifa. Waɗannan su ne dangi na kusa a ma'aunin likita. 'Yan uba, ko waɗanda kuka haɗa uwa kawai, nasu rubu'i ne, daidai da baffa da kawu da gwaggo da kaka da jika. Bambancin yana da amfani a gidajenmu na mata biyu, uku, huɗu, inda kalmar "ɗan'uwana" takan ɗauki ɗan ɗakinku, ta ɗauki ɗan kishiyar uwa, ta ɗauki wanda kuka fito ƙauye ɗaya kurum. Likitan da ya tambaya "akwai mai irin wannan ciwo a 'yan'uwanka?" bai yi tambaya ba tukuna, sai ya ce wane ɗaki.

Abin da bincike na shekaru da yawa ya tabbatar shi ne, wanda uwarsa ko ubansa ko shaƙiƙinsa ko ɗansa ya kamu da dajin babban hanji, haɗarinsa ya kai ninki biyu na wanda ba shi da kowa. Idan ciwon ya kama ɗan'uwan kafin ya kai 50, ko kuma mutum biyu ne a gidan, haɗarin yakan kai ninki uku zuwa huɗu. Kada a ji ninki a firgita. Yawancin 'yan'uwan marar lafiya ba za su taɓa kamuwa ba, kuma yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba. Amma ciwon ba ƙarami ba ne: a ƙiyasin hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum kusan miliyan 1.9 suka kamu da shi a shekara guda, fiye da 900,000 suka mutu. Shi ne na uku a yawan kamuwa, na biyu a yawan kisa. A Najeriya ƙiyasin ya haura 7,000 a shekara, wannan ma waɗanda lissafi ya iya hangowa ke nan, a ƙasar da ake binne mutum kafin la'asar da bayanin "ya yi fama da ciwon ciki."

Akwai gidajen da abin ya wuce ninki biyu, ya zama gado na zahiri. A 1895 wata matashiya mai ɗinki a Amurka ta shaida wa wani likita na Jami'ar Mishigan, Aldred Warthin, cewa ta san daji ne zai kashe ta, don shi ya cinye danginta, wasu a hanji, wasu a ciki, wasu a mahaifa. Likitan bai ce mata ta daina camfi ba. Ya zauna ya zana bishiyar gidansu, ya wallafa a 1913. Ita kuwa dajin mahaifa ya kashe ta tana da ƙuruciya, kamar yadda ta faɗa. Bayan rabin ƙarni Henry Lynch ya bi sawun irin waɗannan gidaje, har ciwon ya ɗauki sunansa. A gidan da ke da larurar Lynch, kowane ɗa ko 'ya na da damar rabi da rabi ta gadar matsalar, kuma akan fara leƙa hanjinsu tun suna 20 zuwa 25, ana maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu. Wajen uku cikin ɗari na masu dajin hanji daga nan nasu yake. Shi ya sa tambayar ba ta tsaya ga hanji ba: gwaggon da ta rasu tana 40 da zubar jinin mahaifa, ita ma tana cikin labarin. Akwai kuma wani nau'in da sai yaro ya gado daga uwa da uba duka kafin ya bayyana, wanda ke nufin masu auren zumunci, ɗan wa da 'yar ƙani, suna da ƙarin dalilin sanin tarihin gidansu.

Abin da ya sa ake damuwa da 'yan'uwa a wannan ciwo fiye da wasu shi ne, dajin hanji yana ba da rata. Galibi yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar wake, ba zafi, ba jini, ba alama. Tsiron kan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe, in ma zai rikiɗe. A 1969 wasu likitoci biyu a Niyok, William Wolff da Hiromi Shinya, suka nuna cewa ana iya bin babban hanji da tiyo mai lanƙwasa, a kuma zarge tsiron da siririyar waya a tsinke shi nan take, ba tare da an tsaga ciki ba. Wannan shi ne kolonoskofi, leƙen hanji. Tiyon kaurinsa kamar yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa, yana shiga ta dubura ya bi hanjin da tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi. Aikin bai cika wuce rabin awa zuwa minti arba'in ba, kuma akan yi wa mutum allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Hoton ƙirji ko awon jini nemo ciwo suke yi. Wannan kuwa yana iya cire ciwon tun bai zama ciwo ba. Yana da nasa haɗarin, zubar jini ko hujewar hanji, amma da wuya ƙwarai a hannun wanda ya iya.

Yaushe ɗan'uwa zai je? A nan manyan ma sun saɓa. Amurkawa suka ce mutumin da ba shi da tarihin gida ya fara a 45 (da 50 ne, suka rage a 2021), wanda ke da dangi na kusa kuwa ya fara a 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan'uwansa, duk wanda ya riga zuwa. Idan ɗan'uwan bai kai 60 ba lokacin da ya kamu, a riƙa maimaitawa duk shekara biyar. Ingila ta fi tsumulmula: wanda ɗan'uwansa guda ya kamu kafin 50, leƙe ɗaya ake ba shi yana da 55. Ni a ganina ma'aunin Ingila bai dace da mu ba. Ƙungiyar bincike ta ARGO, wadda Farfesa Isaac Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Peter Kingham na Niyok suka kafa a 2013, ta kwatanta marasa lafiyar Najeriya da na Amurka a wani aiki da ya fito a 2021. Namu sun fi ƙuruciya, ciwonsu ya fi zama a ƙarshen hanji kusa da dubura, sun fi zuwa a makare, kuma wata alama a ƙwayoyin ciwon, wadda akan gani a larurar Lynch da wasu dalilan, ta kusa ninka ta Amurkawa. Alamar ba hujja ba ce cewa duk gado ne, amma ta isa ta sa a daina kallon 'yan'uwa a matsayin masu kawo abinci kawai. A ƙasar da ciwon ke kama masu 40 da 'yan kai, ka ce mutum ya jira 55, ka ce masa ya zo ɗaurin aure ranar suna.

In aka bi lissafin Amurkawa, mai awon nan da aka gano nasa yana 45, shaƙiƙansa da 'ya'yansa lokacinsu na farawa 35 ne. Ƙaninsa da ya karɓi rumfar yana da 41. Ya makara da shekara shida, bai ma san ana jiransa ba.

Na same shi wata ranar da kasuwa ta lafa, yana tsince tsakuwa a faifan wake. Na faɗa masa abin da na sani, da iyakar lallashin da na iya. Ya saurare ni har na gama, don yaro ne mai ladabi. Sannan ya ce, "Malam, ni fa lafiyata ƙalau. Ina cin tuwo, ina ɗaga buhu. Yanzu haka kawai in je in kwanta a zura mini tiyo ta ƙasa? Ai Yaya kwanansa ne ya ƙare." Na ce haka ne, kwana in ya ƙare babu makawa, amma shi ma Yayan ai an kai shi asibiti, ba a ce a zauna a jira ba. Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Wanda ya je tonon ciwo ai zai samu." Ya zuba mini wake mudu biyu, ya ƙara gyara, alamar a bar maganar.

Kada mu ɗauka wannan halin namu ne mu kaɗai. A ƙasashen da na'ura ke ko'ina, inshora kuma ke biya, bincike da dama sun nuna ƙasa da rabin dangi na kusa ne ke zuwa a kan lokaci. Babban gwajin da aka yi a Folan da Norwe da Suwidin, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya ƙunshi mutum fiye da 84,000. Cikin waɗanda aka aika wa gayyata, kyauta, 42 cikin ɗari ne kawai suka je. Saboda haka raguwar ciwon a rukunin da aka gayyata ta tsaya a 18 cikin ɗari, alhali da aka yi lissafin kamar kowa ya je, ta kai 31. Wasu suka ce gwajin ya nuna an zuzuta na'urar fiye da kima, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma babban darasinsa shi ne tiyon da ke rataye a kabad ba ya cire tsiron kowa. Sai da wata fitacciyar mai gabatar da labarai a Amurka, Katie Couric, ta bari aka nuna nata leƙen a talabijin a 2000, bayan ciwon ya kashe mijinta yana 42, sannan masu zuwa suka ƙaru da wajen ɗaya cikin biyar. Kunyar dubura ba ta da ƙabila.

Namu dai ya fi nasu layi-layi. Na farko ma sunan ciwon ba ya fita daga ɗaki. Sau da yawa likita babban wa ko miji yake kira gefe ya faɗa wa, shi kuma ya haɗiye, don kada hankalin marar lafiya ya tashi, don kada tsohuwa ta ji ta faɗi, don kada a ce gidan su wane akwai mugun ciwo, 'yan matan gidan su rasa manema. Sanarwar rasuwa ta ce "bayan doguwar jinya." Bayan shekara goma ɗan mamacin zai zauna gaban likita a tambaye shi me ya kashe babansa, ya ce basir ne ya yi masa yawa, ko kuma sammu aka yi masa a kasuwa. Ba ƙarya yake yi ba, abin da aka faɗa masa ke nan. A Borno ma abin ya ƙara dagulewa. Shekarun tashin hankali sun warwatsa gidaje daga Bama da Dikwa da Gamboru Ngala da Marte, wani yana Yerwa, wani yana Difa, wani yana Kusuri ko Njamena. Katin asibiti ya ƙone, dattijuwar da ta san wa ya mutu da me ta riga mu gidan gaskiya. Ambaliyar Alau ta 10 ga Satumba 2024, wadda ta shafe unguwannin Gamboru da Kwastam ta kuma kutsa har cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta tafi da sauran takardun da ke ƙarƙashin katifa.

Sai basir, wanda ya zama bargon da ake lulluɓe duk abin da ya fito ta ƙasa. Gaskiya ne yawancin jinin bayan gida basir ne ko tsagewa ko atuni ko tsargiya, musamman ga waɗanda suka tashi a bakin tafki. Mai lasifika ba koyaushe yake kuskure ba, shi ya sa ake yarda da shi. Matsalar ita ce ba shi da hanyar bambance na ɗari da zai warke da na ɗayan da zai mutu. Kuma a nan dole a raba abu biyu. Duk maganar shekara 40 da ragin shekara goma ta mai lafiya ce, wanda ba ya jin komai. Ɗan'uwan marar lafiya da ya fara ganin jini, ko bayan gidansa ya canja makonni, yau zawo gobe tauri, ko yana jin bai gama ba bayan ya gama, ko yana ramewa, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa ba dalili, wannan ya fita daga sahun masu jira. Ko shekararsa 25 ce, gobe ya kamata ya ga likita.

Kunya kuwa ban raina ta ba. An rene mu a kan suturta al'aura, kuma wajen da tiyon ke bi waje ne da ko sunansa ba a kamawa gaban manya. Namiji yana tsoron bakin abokan rumfa in suka ji. Mace tana da nata ƙarin: izinin miji, kuɗin miji, da tambayar ko mace ce za ta yi mata, alhali likitoci mata masu wannan aiki ƙalilan ne a Arewa duka. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa lalurar magani tana halatta buɗe abin da ya zama dole, gwargwadon buƙata, amma fatawar tana littafi, ba ta sauko rumfa ba. Ban taɓa jin an ɗauko ta a tafsirin azumi ba, ko da yake an ɗauko abubuwan da ba su kai ta amfani ba. Abin da ba a faɗa wa masu kunyar shi ne abin da ke jiran wanda ya makara. Dajin da ya zauna kusa da dubura sau da yawa sai an cire wajen, a fito da hanji ta gefen ciki, mutum ya riƙa ɗaura jaka. Mutane na rayuwa da jakar, suna kasuwa, suna salla, malamai sun sa su cikin masu uzuri. Amma duk wanda ya yi jinyar mai ita ya san wace kunyar ce ta fi tsawo, ta rabin awa a rufaffen ɗaki ko wannan.

Akwai kuma wahalar da likita ba ya gani daga ofishinsa. Kafin leƙen sai an yi wankin ciki na sosai. Jajibirin ranar babu tuwo, babu ɗanwake, sai ruwa-ruwa marar gari, sannan a sha maganin da aka dama a ruwa lita biyu zuwa huɗu, a kwana ana zarya. Wanda ke da banɗaki a cikin ɗakinsa zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ka kai shi gidan haya a Gamboru, inda gida takwas ke layi a masai ɗaya, ruwan kuma sai an saya a wurin mai moya, ka ga ko zai maimaita. Gobe kuma sai da ɗan rakiya, saboda allurar. Kwana biyu ke nan rumfa a rufe, ga mutumin da cefanen yau daga cinikin yau yake fita.

Kuɗin aikin kansa, a wurare da yawa, ya haura albashi mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kafin a zo ga awon tsiron da aka ciro. Kuma wa ake nema ya biya? Gidan da ya riga ya sayar da fili da awaki wajen jinyar na farko. Na'urar tana manyan asibitocin koyarwa irin na Maiduguri da Kano da Zariya da ɗaiɗaikun asibitocin kuɗi, kuma na Maiduguri shi ne madogarar Borno da Yobe da maƙwabtan Chadi da Nijar da Kamaru. Asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a asibitoci shida, na Arewa maso Gabas yana Gombe. Mai lafiyar da ke neman a duba shi don wansa ya mutu ba ya cikin tsarin kowa.

To ko akwai hanya mai sauƙi? Akwai gwajin bayan gida, wanda ke gano ɓoyayyen jinin da ido ba ya gani. Ba tiyo, ba wankin ciki, ɗan tsinke ne da ƙaramar kwalba. Wani bincike a Sifen da ya fito a 2014 ya nuna cewa ga dangi na kusa, yin wannan gwaji duk shekara ya kamo manyan tsiro da daji kusan daidai da leƙe guda. Sai dai da ARGO ta gwada shi a kan mutum fiye da 2,000 a Kudu maso Yamma, mutane sun karɓe shi hannu biyu, amma wajen ɗaya cikin biyar ya nuna jini, da aka leƙa kuma ƙalilan ne ƙwarai ke da daji. Basir da tsutsar ciki suna ruɗa shi. Zafi ma yana lalata jinin da ke cikin kwalbar, ga kuma Maiduguri a watan Afrilu. Kuma duk wanda gwajin ya nuna jini, ƙarshenta dai tiyon ne. Ga ƙanin da ya rantse ba zai kwanta ba, gwajin kwalba duk shekara ya fi babu nesa ba kusa ba. Ga gidan da mutum biyu ko uku suka kamu suna matasa, bai wadatar ba.

Sakamakon ARGO ɗin nan ne ya ƙara tabbatar mini cewa kwaikwayon Turai, a ce za a tace duk wanda ya kai 45 a jiha, mafarki ne a yanzu. Na'urorin da ke akwai ba za su ɗauka ba, kuma za a ƙare su a kan masu basir. In abu ya yi kaɗan, wanda ya fi buƙata ake fara ba. Su waye? Masu alamu, sai 'yan'uwan waɗanda suka kamu. Kuma a nan muna da abin da Turawa ba su da shi. Su sai sun rubuta wasiƙa zuwa ga ƙanin da ya yi shekara biyar bai ga wansa ba, dokar sirri ma ta hana likita kiransa kai tsaye. Mu kuwa ka shiga kowane babban asibiti da daddare ka ga barandar: tabarmi, kuloli, butoci, ƙanne da yayye da 'ya'ya kwance jere. Mutanen da ake nema su ne ke wanke wa marar lafiya kwano, su ne ke layin biyan kuɗi, su ne ake ɗiban jininsu a ƙara masa. Makonni suke yi a ƙofar likitan. Su koma gida babu wanda ya ce musu, da yardar marar lafiyan, ku zauna minti goma, maganar nan ta shafe ku. Ba mugunta ba ce, likita ɗaya ne da layin mutum sittin. Amma aikin ba sai likita ba. Nas ko ma'aikacin jin daɗin marasa lafiya zai iya, da takarda guda mai ɗauke da abu uku: sunan ciwon da Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, shekarun marar lafiya ranar da aka gano, da shekarar da kowane ɗan'uwa zai fara zuwa. Asibitin St Mark's na Landan da rajistar gidaje ya fara a 1924, da alƙalami da kati, tun babu tiyon ma.

Kuɗin kuma, kasuwar da ta iya tara gudummawar jinya da ta ta'aziyya cikin yini guda, mai faranti yana bin rumfa-rumfa, ba za ta gaza haɗa na leƙe ɗaya ba. Sai dai mun saba bayarwa ga wanda ya kwanta. Mai tafiya da ƙafarsa in ya ce a taimaka masa a duba shi, kallon mai son banza za a yi masa. Da shugabannin layi za su ɗauki abin a matsayin cikon haƙƙin mamaci, kamar biyan bashinsa, da an wuce wurin.

Na rubuta wa ƙanin mai awo irin wannan takarda da hannuna, a bayan wani tsohon rasit. Muka lissafa tare: shaƙiƙai huɗu, 'ya'ya shida waɗanda babbansu bai kai ashirin ba, sai tsohuwa, wadda shekarunta da ƙarfinta sai likita ya auna ko ya dace a wahalar da ita. Da muka zo kan mahaifinsu ya yi shiru, ya ce shi yana yaro lokacin, amma ya tuna cikin Baba ya kumbura kafin ya rasu, kuma bai yi furfura ba. Ya ninke takardar ya sa a cikin littafin bashi. Yayarsu da ke aure a Damaturu ya ce zai kira, ɗayan kuma yana Njamena, lambarsa ta daina shiga.

Bai je ba tukuna. Da farko ya ce sai bayan Salla, sannan ya ce sai sabon wake ya shigo. Amma makon jiya da na je awo, bayan ya ɗaure mini leda, ya duba maƙwabcinsa ya ga hankalinsa na kan ciniki, sai ya rage murya.

"Malam, abin nan da ka ce. Nawa ne? Kuma mutum yana barci ake yi, ko ido biyu?"